'Yar Sarkin Baka da Mai Tsoron Bindiga

"Da idona na gani, Yaya. Ba labari aka ba ni ba."

Baffa Da'u ne ke magana, ya tanƙwashe ƙafa a kan buzu, ko kallon ruwan da aka ajiye masa bai yi ba. Yayansa, Sarkin Baka Ɗantani na Ajingi, shi ya tura shi binciken Musbahu, saurayin da ke neman 'yarsa Khaula, kamar yadda aka saba kafin a ba da aure. Wani in aka tura shi bincike, ya tambayi liman da maƙwabta biyu ya dawo gida. Baffa Da'u bai iya aiki rabi da rabi ba. Sai da ya bi yaron a ɓoye tun daga tashar Gaya har cikin birnin Kano.

Khaula na durƙushe a bakin ƙofa, ta ƙura wa tabarma ido.

"Wani ɗan asibiti ya shiga," in ji Baffa, "na zaga na leƙa ta taga. Sun zaunar da shi a kujera, sun shafa masa wani abu a ka, sun manna masa wayoyi, ɗaya a tsakar ka, biyu a kunnuwa. Wayoyin nan duk sun nufi cikin wata na'ura, ita kuma tana jone da bango. To Yaya, wa ake jona wa lantarki a ka in ba mai taɓin hankali ba?"

Sarkin Baka ya ɗago.

"Khaula."

"Na'am, Baba."

"Kin san da wannan?"

"Na san yana zuwa asibiti, Baba, amma ba..."

"Kin sani ke nan." Ya shafa furfurar gemunsa. "Abin da ya faru a Gafasa na haɗiye shi, na ce kowane namiji da ranar tsoronsa. Wannan kuwa ba zan iya ba. Dole dai ba a yin ta a gidan nan, kin sani. In ba kya son Muzammil, ki fito da wani. Amma Musbahu ki cire shi a ranki. Sau biyu ina dakatar da magabatan Muzammil saboda ke. Ranar Juma'ar nan za su zo gaisuwa, kuma ba zan sake hana su ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana. Hawaye ne ya riga ta, ya ɗiga a bayan hannunta.

*

Wanda bai san gidan Sarkin Baka ba, ba zai gane nauyin maganar Gafasa ba. A gidan nan da bindiga ake murna. Duk 'yar da aka aurar, da an shafa fatiha sai maharba su ja layi, ango ya tsaya daf da Sarkin Baka, a harba adaka sau uku har kajin unguwa su watse. Haka aka yi wa goggonninta, haka aka yi wa yayyenta mata su huɗu.

Khaula ta tashi ta tarar da ragowar wancan zamani. Tana iya tuna ranakun rani da maharba ke taruwa a ƙofar gidansu da karnuka da ganga, mahaifinta a gaba da warki da layu, ita kuma tana ɗare a kan katanga tana ƙirga su. Da yamma su dawo da zabi da zomaye, wata rana har da barewa, gidan ya kwana yana ƙanshin banda da albarushi. Yanzu ina dajin yake? Duk ya zama gonakin gyaɗa da gero. Gadar ƙarshe da Baba ya harbo, shekarar da Khaula ta shiga sakandare ce, ga shi yau har ta zama malamar firamare. Abin da ya rage wa tsohon na sarautarsa shi ne harbin biki. Kullum sai ya sauko da bindigar nan ya goge ta da man gyaɗa, ko da biki ko babu.

Musbahu ma akwai lokacin da ya fi kowa son jin labarin bindigar. Malamin gona ne daga Gaya, ya zo makarantarsu koya wa yara dashen itatuwa, ya dasa darbejiya ashirin ya kuma dasa kansa a zuciyar malamar aji huɗu. Yana da wani tsohon babur mai fasasshiyar salansa, tun yana kan kwalta take jin tafowarsa, alli ya dinga kuɓuce mata a hannu, yara suna ƙunshe dariya. Ba ya zuwa hannu biyu, ko dafaffiyar gyaɗa ce sai ya ƙullo mata. In ya zo zance, rabin lokacin a zaure yake ƙarewa wajen Baba, yana jin yadda aka yi da kura a shekarar fari, yana ƙyaƙyata dariya. Har Baba kan ce, "Yaron nan da a gidanmu aka haife shi, da dariyarsa ta kore mana naman dawa kaf."

Bara waccan aka tura su kwas wata jiha ta yamma. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta. Abokinsa Kamalu, wanda suke kujera ɗaya, a kafaɗarsa ya cika. Musbahu ya dawo babu ko ƙwarzane, kowa na ta barka. Khaula ce ta fara lura wanda ya tafi ba shi ne ya dawo ba. Ya jingine babur, don ƙarar salansa na sa shi gumi. Ba ya zama sai ya juya wa bango baya. Dariyar nan kuwa kamar an ɗauke ta da cokali.

Sai bikin ɗan baffanta a Gafasa. Muzammil, ma'aikacin sakatariya, shi ma jikan maharba ne, kuma ya daɗe yana son Khaula. Ko da gangan ne ko tsautsayi, Allah masani, ya saki adaka a bayan Musbahu babu sanarwa. Da hayaƙi ya washe, sai ga mai neman 'yar Sarkin Baka a ƙarƙashin benci, shaddarsa duk ƙasa, yana cewa, "Kamalu kwanta, Kamalu kwanta." Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai. Mutanenmu ba su da dama, kafin magariba labarin ya riga motoci isa Ajingi.

*

Washegari Talata, ana tashi daga makaranta ta hau a-daidaita-sahu zuwa Gaya. Ta san inda za ta same shi, a gandun dashensa na bakin fadama, inda mata ke ɗiban ruwa suna bayi.

Yana tsugune yana cusa ƙasa a leda. Da ya hango ta ya miƙe, ya goge hannu a wando, bai yi murmushi ba.

"Na ga Baffa jiya ta taga," ya ce tun kafin ta gama sallama. "Hularsa ce ta tona shi. Na san abin da zai je ya faɗa."

"Ya ce lantarki ake jona maka."

Ya ɗan yi huci ta hanci, abin da ya rage masa na dariya ke nan. Ya jawo mata kututture ta zauna, shi ya zauna nesa kaɗan, bayansa jikin bishiyar mangwaro.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini yadda ake yi ba?" ta tambaye shi. "Kullum ka ce ka je ganin likita. Da na sani da na san abin da zan ce wa Baba. Jiya ina durƙushe kamar kurma, ana kiran ka mahaukaci, ban da ko kalma ɗaya ta kare ka."

"Kunya ce, Khaula. Namiji ya zauna an manna masa wayoyi yana kallon hoto kamar yaro. Ta ina zan fara?"

"Ta farko."

Ya sunkuyar da kai. "An yi rubutu, an yi hayaƙi, na sha ƙwayoyin asibiti. Kowanne ya yi nasa, amma barci ya ƙi. Sai wani likita ya tura ni wajen wata mata a Kano, Dakta Surayya, mai duba masu ciwon firgita irin nawa. Mukan zauna mu yi magana, sannan ta sa mini na'urar. Sabon abu ne, wai sunansa niyurofidbak, ita dai horon ƙwaƙwalwa take ce masa. Ba ya zuba komai a kai. Saurare kawai yake yi. In hankalina ya kwanta, hoton da ke gabana ya yi haske. In ya tashi, hoton ya dushe. A haka a haka kai ke koyon hanyar komawa natsuwa da kansa. Zama goma sha ɗaya na yi. Satin nan sau uku ina kaiwa asuba ban farka da ihu ba."

"Alhamdu lillahi," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "To ka zo ka faɗa wa Baba haka."

"In faɗa masa me? Ko ya yarda ba hauka ba ne, bindigar fa? Zan tsaya kusa da shi a harba sau uku? Ba zan iya ba, Khaula. Jiya tayar mota ta fashe a Wudil, sai da na riƙe ƙarfen kujera har hannuna ya sage. In na sake faɗuwa ranar ɗaurin aure, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba, har da shi, a gaban maharban da yake shugabanta." Ya kau da kai. "Muzammil ba mugu ba ne. Yana da aiki, yana da lafiya, ya iya riƙe bindiga. Ki yi haƙuri ki bi maganar Baba."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Kai ne yau kake miƙa ni ga wani?"

"Wanda kike so ya mutu a motar nan tare da Kamalu. Ni saura ne."

"Ƙarya kake, wallahi." Ta fashe da kuka sosai, har matan da ke bayi suka ɗago suka sake sunkuyawa. "Wa ke zuwa makarantarmu ranar Asabar da ba kowa yana ba darbejiyoyin nan ruwa? Ka zaci maigadi bai gaya mini ba? Matacce ne ke wannan? Shekara biyu ina jiran in sake jin ƙarar babur ɗinka. Wani lokaci ina cikin darasi in ji wani ya wuce, in tsaya da alli a hannu. Ban gaji ba, kai ne za ka gaji a madadina?"

Ya rufe fuska da hannayensa masu ƙasa. Kafaɗunsa suka dinga girgiza. Tun da abin ya faru ba ta taɓa ganin kukansa ba, sai ta ji tausayinsa ya fi nata ciwon.

Da ya lafa ta tambaye shi, "Yaushe za ka koma?"

"Alhamis, ƙarfe goma."

Ta miƙe ta gyara mayafi. "Kada ka fasa, ko wa ka gani."

*

Laraba da hantsi ta sami mahaifinta a inuwar rumbu, bindiga a cinya, tsumma a hannu. Innarta ta riga ta ja mata kunne cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ji, amma ta zo.

Ta durƙusa. "Baba, tambaya gare ni."

"Ina ji."

"Da kuna fita farauta, in wani ya zo ya ce ya ga sawun kura a wuri kaza, kukan ɗura bindiga ku bi maganarsa?"

Bai ɗago ba. "Wane irin maharbi ne zai bi sawun da wani ya gano masa? Sai na je na tsuguna na duba da kaina. Sau nawa ake nuna mini sawun kare a ce kura ce."

"To Baba, Baffa ta taga ya leƙa."

Hannunsa ya tsaya a kan bakin bindigar. Ya dube ta ta ƙasan gira, irin kallon da ke sa manyan maharba gyara zama. Ita dai ba ta motsa ba.

"Da bakina kika kama ni ke nan."

"Ni ban isa ba, Baba. Gani dai ya kori ji. In ka je ka ga hauka ne, na yi maka alkawari ba za ka sake jin sunansa a bakina ba."

Ya ci gaba da goge-gogensa har ta fid da rai. Sai da ta yunƙura za ta tashi ya ce, "Ki nemi izini a makaranta. Ke kika san boko, ke za ki raka ni."

*

Tsohon ya yi shiri irin na shiga dawa. Ya sa rigar saƙi a ƙarƙashin babbar riga, ya ɗaura kambu a damtse, kuma Khaula ta gan shi yana tauna wata saiwa tun daga tashar Ajingi. Ba ta tambaya ba, ta san maganin tauri ne.

Musbahu na zaune a benci suka shiga. Ya zabura ya zube ƙasa yana gaisuwa, Baba ya amsa a taƙaice. Dakta Surayya, wata mace mai matsakaicin shekaru da tabarau, ta fito ta gaishe shi da ladabi. Sai da ta tambayi Musbahu a gefe ko ya yarda a yi maganar ciwonsa a gabansu, ya ce ya yarda, sannan ta shigar da su.

"Baba, ka san an ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu," ta fara. "To haka ciwon nan yake. Hankalinsa ƙalau. Jikinsa ne bai yarda an bar wajen nan ba, kullum a shirye yake kamar yanzu za a sake harbi. Mu kuma..."

"'Yata, dakata." Ya ɗaga hannu. "A sana'armu ba a ba mutum magani sai mai bayarwa ya fara lasa. Ni ma ba na yanke hukunci a kan abin da ban ɗanɗana ba. Abin da kike sa masa, sa mini."

"Baba," in ji Khaula a tsorace.

Likitar ta yi murmushi. "Babu komai, ba ya cutarwa. Sai dai a cire hula."

Nan ne aka ɗan yi turjiya. Khaula ba ta iya tuna ranar da ta ga kan mahaifinta a waje ba. Daga baya dai ya tuɓe hular ya miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu, ta ji nauyin layun da ke ɗinke a ciki. Ya hau kujera, aka shafa masa ɗan abu mai danƙo a tsakar ka, aka manna waya, aka maƙala biyu a kunnuwa. Ya damƙe hannun kujera, ya cije, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. A allon da ke gabansa ga hoton wani tafki da tsuntsaye, amma duk ya dushe kamar ana kallonsa ta cikin hayaƙi.

Aka ɗauki lokaci a haka. Gumi ya tsatso masa.

"Ku kunna mana," ya ce ta cikin haƙora. "Na shirya."

"Ai tun ɗazu a kunne take, Baba."

Ya waiwayo a hankali. "Ban ji komai ba. Ko maganina ne ya kashe ta?"

Wani sauti ya fito daga kusurwar ɗakin. Khaula ta juya. Musbahu ne, ya toshe baki da hannu, dariya na ƙwace masa. Ba ta kai ta da ba, ko rabinta, amma ita ce. Khaula ta ƙanƙame hular a ƙirjinta, idanunta suka ciko.

"Ba abin da take turawa, Baba," in ji likitar. "Ji take yi kawai. Ka ga hoton ya dushe? Don ka ɗaure jikinka ne kana jiran duka. Saki kafaɗa, ka kalli tsuntsayen nan kawai."

Tsohon ya saki numfashi. Ya zuba wa tafkin ido, fuskarsa ta canza, ya yi lamo kamar ba ya ɗakin. Sannu a hankali hoton ya fara washewa, ruwan ya yi shuɗi, na'urar ta yi wani ɗan sauti mai taushi. Wani ya buga ƙofa a waje, hoton ya dushe, nan da nan kuma ya dawo.

"Ikon Allah," ya ce a hankali, idonsa na kan allon. "Ai wannan kwanto ne. Haka mahaifina ya koya mini a bakin tafki, ina ɗan shekara goma sha biyu. Ya ce nama na jin bugun zuciyar maharbi, muddin tana tsalle ba zai fito ba. Mu yini a cikin ciyawa, in na motsa ya murɗe mini kunne. Sai ranar da na iya kwantar da ita barewa ta sauko shan ruwa." Ya girgiza kai. "Duk sun tafi, da shi da tafkin da barewar."

Da aka cire masa wayoyin ya karɓi hularsa ya kafa, ya koma Sarkin Baka.

"Na gani, ba hauka ba ne. Saura tambaya ɗaya, kuma gaskiya nake so. Zuwa bayan kaka, zai iya tsayawa a harba bindiga a gefensa?"

Khaula ta dubi likitar da idon roƙo. Ina ma ta ce e, ko da ba haka ba ne.

"Ba zan yi maka alkawari ba, Baba," in ji Dakta Surayya. "Barcinsa ya gyaru, firgitar ta ragu, kuma yana ƙoƙari. Amma maganin nan sabo ne, wasu yana yi musu sosai, wasu kaɗan, shi ya sa muke haɗa shi da zaman tattaunawa. Wataƙila wata rana ya iya. Wataƙila kuma har abada ƙarar bindiga ba za ta zame masa abin murna ba. In aka matsa masa yanzu, ana iya rushe abin da aka gina."

Baba ya dubi Musbahu. "Kai fa, me ka ce?"

"Ba zan iya ba, Baba," ya ce, kansa a ƙasa. "Gara in faɗa maka a nan da in kunyata ka a can."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya yi wa likitar godiya, ya fice.

*

A mota ɗaya suka dawo su uku. Musbahu ya sauka a Gaya ya durƙusa ta taga, Baba ya ɗaga masa hannu kawai. Daga nan har Ajingi Khaula kuka take a cikin mayafi. Gaskiya ta wanke shi daga hauka, gaskiyar kuma ta kayar da shi, gobe Juma'a.

Bayan la'asar tana ɗakin Inna a kwance aka ce Baba na kira. Ta same shi a tsakar gida tsaye, ya sa warkinsa na da wanda ta manta rabon da ta gani, bindiga a hannu, Baffa Da'u na gefe yana ta zare ido.

"Buga wa yaron nan waya, ki ji ko yana gida."

Ta buga. "Yana gidansu a Gaya, Baba."

"Da'u, daga nan in aka yi harbi, ana ji a Gaya?"

"Haba Yaya, ina Gaya ina nan."

"Madalla."

Ya fita ƙofar gida, suka bi shi. Ya ɗura albarushi ya danna, ya ɗaga bakin bindigar sama ya ja kunama. Ƙarar ta girgiza unguwa, tattabaru suka tashi. Ya sake ɗurawa a natse ya harba ta biyu. Kafin ta uku maƙwabta sun firfito, tsofaffin maharba na tahowa da sauri suna gyara hula, don kowa a Ajingi ya san abin da harbi uku ke nufi a ƙofar Sarkin Baka.

Da ta ukun ta tashi ya sauke bindigar, ya tsaya cikin hayaƙi yana duban jama'a.

"Ku shaida, na ba Musbahu na Gaya 'yata Khaula. Harbin aurenta ke nan kuka ji, na yi shi yau tun angon na nesa. Ranar ɗaurin aure duk wanda ya zo mini da bindiga, ba da ni ya zo ba." Ya juya ga ƙaninsa. "Da'u, tunda ƙafarka ba ta gajiya, je ka ba magabatan Muzammil haƙuri tun kafin su ɗaura niyya."

Khaula ta zube a gabansa ta riƙe ƙafarsa, kuka ya hana ta godiya. Ita ce autarsa, ta san babu wata 'yar da zai sake yi wa wannan harbi, kuma ya yi shi ba layin maharba, ba ganga, ba ango a gefensa.

"Tashi," ya ce. "Wayar tana hannunki, ki gaya masa. Amma ki bi shi a hankali, kada ki firgita mini suruki."